Lambar tantance fayil: abin da masu gyaran kwamfuta suka ce

Ranar Asabar, a wani shagon gyaran kwamfuta a Sakkwato, hira ta karkata kan fayilolin da ke lalacewa wajen saukewa. Wani matashi ya kwana yana sauke Ubuntu, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, aka ɗauke wuta sau biyu, da safe ya zuba a filashi abu ya ƙi tashi. Maigidansa ya ce: “Yaro, ka duba lambarsa kafin ka zuba?”

Lambar nan tamkar zanen yatsa ce ga fayil. Ko ɗigo ɗaya ya sauya a fayil ɗin, sai ta sauya gaba ɗaya. Shi ya sa ake fitar da lambar fayil ɗin da aka sauke, a kwatanta da wadda masu manhajar suka bayar. A Windows ba sai an girka wata manhaja ba. Ka buɗe PowerShell, wurin rubuta wa Windows umarni, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil, sai ya ba ka lambar, nau'in da ake kira SHA-256, mai haruffa da lambobi 64. Masu amfani da wani umarnin Windows, certutil -hashfile, aka ja wa kunne su ƙara SHA256 a ƙarshe, in ba haka ba wani nau'in lambar daban, SHA-1, zai fito, su yi ta kwatanta abin da ba zai taɓa daidaita ba. A Linux kuwa, umarnin shi ne sha256sum.

An ɗan yi gardama kan MD5, wani tsohon nau'in lambar. Tana gano fayil da ya karye a hanya, amma tun 2004 aka nuna za a iya haɗa fayiloli biyu masu lamba ɗaya, don haka kada a dogara da ita wajen tsaro.

Shawarar da ta fi kama hankalina: lambar da za ka kwatanta da ita, ka ɗauko ta daga shafin masu manhajar, ba daga wanda ya miƙo maka filashi ba. Kuma kada ka duba farko da ƙarshe kawai, ka kwafe ta duka ka gwada.