Wai Man Shara Makamashi Ne Mai Sabuntawa?

Injiniya: Ina nan a kan bakata. Sharar da ta gagari masu sake sarrafawa, gara a mayar da ita man makamashi da a binne ta. Ba ƙonawa ake yi ba fa. Ana niƙe ta, a busar, a zuba a tukunyar da zafinta ya haura digiri 700, a rage mata oksijin yadda wuta ba za ta cinye ta ba. Sai ta rikiɗe ta zama gas mai haidurojin da kabon monoksaid, daga nan a haɗa metanol, wani ruwa mai kama wuta da ake amfani da shi a matsayin mai. Shara kuwa ba ta ƙarewa, Bankin Duniya ya ƙiyasta tan biliyan 2 a 2016 kaɗai. In wannan ba mai sabuntawa ba ne, mene ne?

Malamar Kimiyya: Injiniya, rashin ƙarewa daban, sabuntawa daban. Kwance buhun sharar ka leƙa: kwali mai maiƙo, tsumma, guntun katako, sai leda da kunzugun yara na roba. Kwali da katako daga bishiya suke, na yarda. Leda fa? Ɗanyen mai ce da ta yi yawon duniya ta dawo. In ka ƙona metanol ɗinta, kabon da ya yi shekaru miliyoyi kwance a ƙarƙashin ƙasa ka saki sama. Har gwaji ake yi: man da ya fito daga tsiro yana ɗauke da kabon-14, wani nau'in kabon da ke ƙarewa a hankali cikin dubban shekaru, na ɗanyen mai kuwa nasa ya daɗe da ƙarewa. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2018 ta ware wa man irin wannan shara rukuni daban.

Ɗalibi: Malama, in an binne ta ba gas ɗin metan za ta fitar ba? Mun karanta ya fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 28 a shekara 100.

Malamar Kimiyya: Abin da ke ruɓewa ke fitar da metan, ɗana. Leda a rami ko uffan ba ta cewa.

Injiniya: Ai kin ƙara min hujja. Wa zai zauna yana ɓare leda daga jikin kwali? A cakuɗe suke zuwa, a cakuɗe za su ruɓe ko su shiga tukunya.

Akanta: Ku bar faɗan suna, ku dubi littafi. Kamfanin Enerkem ya buɗe masana'anta a Edmonton ta Kanada a 2014, da nufin cin shara tan dubu 100 a shekara, da samar da mai lita miliyan 38. An rufe ta a 2024. Ta kamfanin Fulcrum a jihar Nebada ta Amurka ta fara aiki a 2022, ita ma 2024 ba ta bar ta ba. Ranka ya daɗe, ina ribar?

Injiniya: Wannan kam ka taɓa inda ke min ciwo. Gas ɗin yana fitowa da kwalta mai toshe bututu, robar PVC kuma tana zuba kulorin da ke kashe sinadarin haɗa metanol. Gawayin kwal, da shi ma ake mayarwa gas, kusan iri ɗaya ne kullum, shara kuwa ta yau jiƙaƙƙiya, ta gobe rabinta roba. Amma wahalar tacewa ba ta ƙaryata kimiyyar ba.

Malamar Kimiyya: Ban ce kimiyyar ƙarya ba ce. A auna kabon-14 na kowace tanka, a rubuta kason tsiro a jikinta, shi kaɗai a kira mai sabuntawa.

Ɗalibi: Sauran kason fa, me za a kira shi?

Injiniya: Tambayi Malama, ita ta raba gardon.