Idon mahaifina lafiya lau, amma abubuwa suna yi masa rawa

Mai tambaya, daga Birni:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana karanta Alƙur'ani ba tare da wahala ba idan yana zaune, amma da zarar ya tashi tafiya, ko ya hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, sai allunan shaguna da fuskokin mutane su dinga tsalle a gabansa har ya kasa gane wanda ya gaishe shi. Likitan ido ya ce idanunsa ba su da matsala. To, daga ina ciwon yake?

Wani malamin kimiyya, daga Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ido ba ya tsayar da kansa. Kowane ido yana da tsokoki 6, kuma jijiyoyi uku da suka fito daga gindin ƙwaƙwalwa su ne ke juya su. A can cikin kowane kunne akwai lanƙwasassun bututu uku masu ruwa, waɗanda ke jin juyawar kai su aika da labari gindin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya karkata ido zuwa ɗaya ɓangaren cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ita ce ke daidaita wannan gwargwado, don kada ido ya zarce ko ya gaza. Ka gwada da kanka: riƙe takarda ka girgiza kai, za ka iya karantawa, tsayar da kai ka girgiza takardar da sauri iri ɗaya, rubutun zai dushe. Ina zargin wannan hanya ce ta raunana wa Baba.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Sabon Gari:
Ɗan'uwa, shin an yi wa Baba allurai na tsawon kwanaki kafin abin ya fara? Ina tambaya ne domin alluran kashe ƙwayoyin cuta irin su gentamicin da streptomycin suna iya lalata wannan sashe mai jin juyawar kai a kunnuwa biyu, wani lokaci ma jin mutum bai ragu ba. Ku kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro tare da takardun magungunansa. Akwai atisayen kafa ido kan abu ɗaya ana juya kai a hankali, kuma yana taimakawa. Amma idan ya fara ganin abu biyu-biyu farat ɗaya, ko harshensa ya yi nauyi, kada ku kwana a gida, ku garzaya da shi asibiti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Lallai an yi masa allurai bara, kuma takardun suna wurin yayata. Gobe in Allah ya yarda zan karɓo su.