Sa kwamfuta ta rera waƙar Hausa: abin da kowa ya tarar

Mai haɗa kiɗa, daga Birni:
Assalamu alaikum. Wata mai sayar da turaren wuta a kasuwar Dole ta Damagaram ta ba ni aikin waƙar talla da za a sa a rediyo, kuma da yake mawaƙiyar da muke aiki tare ta yi tafiya, sai na gwada Synthesizer V na kamfanin Dreamtonics, manhajar da ake rubuta wa baiti a zana mata karin waƙa ta rera. Muryar tana da zaƙi, amma da zarar ta shiga Hausa sai ka ji baƙuwa ce, domin babu Hausa cikin harsunan da ta zo da su. Ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai situdiyo, daga Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni na bar Ingilishi na koma sautukan Japananci, saboda wasulansu biyar ne kamar namu, gaɓoɓinsu kuma galibi baƙi ne da wasali, har "f" ɗinsu da leɓɓa biyu ake furta shi kamar yadda muke yi. Wahalar tana wajen ƙ da ɗ da ɓ da ts. Idan na bar manhajar yadda take, "ƙasa" sai ta fito "kasa", wanda kuwa ba Bahaushen da zai bari ya wuce kunnensa. Abin da nake yi shi ne in buɗe jerin sautukan kowace gaɓa in sa ɗan tsaikon maƙogwaro, wanda manhajar ke rubutawa "cl", bayan k domin ƙ, kafin d da b kuma domin ɗ da ɓ, sannan in rage tsawon baƙin. Ba ya zama daidai da bakin mutum, amma idan kalangu da gurmi suka hau kansa, yana shigewa. Wajen "r" mai kaɗawa kuwa, ina mayar da wannan gaɓa kaɗai zuwa Sifaniyanci.

Malamin makaranta mai rubuta waƙoƙi, daga Sabon Gari:
Alhaji mai situdiyo ya yi gaskiya, sai dai a ganina abin da ya fi tona asirin na'ura shi ne tsawon wasali da karin sauti. Ma'aunin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna dogon wasali, balle hawa da saukar murya, don haka wanda ya raba wa gaɓoɓi tsawo iri ɗaya ya karya baitin tun kafin a rera shi. Ni nakan fara rera baitin da bakina in naɗa a waya, in shigar da shi kwamfuta, sannan in ja layin hawa da saukar muryar na'urar da hannu yana bin nawa. Nakan kuma rage rawar murya a ƙarshen ɗango, domin mawaƙanmu na fada da na biki ba haka suke karkarwa ba, in sa "br" inda mai rai zai ja numfashi. Da na yi haka, mahaifiyata ta saurara har amshi na biyu kafin ta tambaye ni ƴar gidan wa ce.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou:
Malam, mu da ba mu da kuɗin sayen murya mun bi ta OpenUtau, manhajar rera waƙa wadda kyauta ce, magajiyar UTAU da ta fito a Japan a 2008. A nan mutum ne ke naɗar tasa muryar gaɓa gaɓa, saboda haka ƙa da ɗa da tsa suna fitowa na asali. Da asuba nake naɗa, kafin kabu-kabu su cika titi, da fanka a kashe duk da zafi, domin duk ƙarar da ta shiga gaɓa ɗaya za ta maimaitu a ko'ina cikin waƙar. Aiki mafi cin rai shi ne daidaita fayil ɗin oto.ini, wanda ke nuna inda baƙi ya ƙare wasali ya fara.

Mawaƙiya mai amshi:
Yayyena, ban ƙi wannan aiki ba, na ma taɓa zama na naɗa wa wani irin waɗannan gaɓoɓi. Amma an biya ni ladan zaman yini ɗaya, daga baya na ji muryata tana tallar kayan da ba a shawarce ni a kansu ba. Duk wanda zai ɗauki muryar wata, a rubuta a takarda irin waƙoƙin da za a yi da ita da kuma rabon da za ta samu.

Mai haɗa kiɗa, daga Birni:
Na gode ƙwarai. Na gyara ƙ yadda Alhaji ya nuna, na kuma bi hanyar Malam wajen numfashi, amshin ya zauna. Baitin da ke ɗauke da sunan mai turaren kuwa na bar shi har mawaƙiyar ta dawo ranar Alhamis, domin Hajiya ta ce da bakin mutum take so a kira sunanta.