Neman shawara: Na dogara da kundin katun guda ɗaya, an dawo min da babi na biyu

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na kawo kukana nan.

Ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma binciken kammala karatuna a kan tarihin katun ne, wato zane mai motsi da muka taso muna kallo a gidajenmu. Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Marigayi Abbanmu, Allah Ya jiƙansa, shi yake zama da mu ranar Asabar mu kalli Tom and Jerry a kaset, in an ɗauke wuta ya ƙarasa mana labarin da baki. Da na kai taken binciken ƙawayena suka ce me ya kai ni, ga batutuwa masu sauƙi. Na karaɗe laburaren makarantarmu ban samu ko littafi ɗaya a kan katun ba. Sai Yayana ya yi wa abokinsa da ke karatu a waje magana, ya samo min The Encyclopedia of Animated Cartoons na Jeff Lenburg, na hannu. Kwasar adashina gaba ɗaya na zuba a ciki, kuɗin da na yi niyyar sauya waya da su. An ba wata mata mai zuwa biki ta taho da shi, jakarta ta maƙale a hanya, sai da na yi wata biyu da rabi ina jira. Ranar da ya iso hannuna har kuka na yi.

Kuma gaskiya littafin ya yi min rana. Ya kasa katun kashi-kashi: na zamanin da babu sauti, na silima masu sauti, dogayen finafinai, shirye-shiryen talabijin na musamman, da masu zuwa mako-mako. Kowanne za ka ga wanda ya shirya, masu muryoyi, da shekarar da ya fito. A kansa na gina babi na biyu gaba ɗaya. Yanzu malamin da ke duba aikina ya dawo min da shi duk jan biro. Shin littafin ne ba shi da inganci, ko ni ce na kasa? In watsar da shi ne bayan duk wannan wahala?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Abba Ya kai haske kabarinsa. Ƙanwata ba ki gaya mana abin da malamin ya rubuta ba ai. Kuma saura kwana nawa ki miƙa aikin?

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
'Yata, kafin komai buɗe bayan shafin farko ki gaya min shekarar bugu. Wannan littafi na san shi sarai, kamfanin Facts On File ne ya fitar da shi a 1991, aka sake bugawa a 1999, sai bugu na uku a 2009. Wanne ke hannunki? Na yi shekaru ina ɗora littattafan duba bayani a kanta, kuma kuskuren ɗalibai ɗaya ne kullum. Irin wannan littafi kamar ƙamus yake. Ana buɗa shi a tabbatar da suna ko shekara, a rufe. Ba a gina babi a kansa. Ba sai na ga jan biron ba na san abin da ke ciki.

Mai neman shawara:
Baba na duba, na 1999 ne. Anti, wurare uku ya fi ja wa layi. Inda na ce Snow White na 1937 shi ne dogon fim na katun na farko a duniya, da inda na ce Voltron katun ɗin Amurka ne na 1984, sai a ƙarshe ya rubuta da manyan baƙi cewa ina Afirka. Amma ni ban ƙirƙiri shekara ko ɗaya ba, duk daga littafin na ɗauko su.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
To kin gani. Malaminki yana da gaskiya a duka ukun. Zan tambaye ki, ki amsa tsakaninki da Allah: littafin ne ya ce "na farko a duniya", ko ke kika ga shi ne babban suna a farkon jerin kika yanke hukunci? Shekaru ashirin kafin Snow White, a 1917, Quirino Cristiani ya yi dogon fim na zane a Ajantina mai suna El Apóstol, gobara ce ta cinye shi, shi ya sa ba a ganinsa yau. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da fim ɗin Yarima Ahmad, da almakashi ta yanka hotunan a baƙin kwali tana motsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma labarin daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi, wanda mu ma muke da shi da Hausa. Wannan yana nan har gobe, ana kallonsa.

Shi Lenburg bai ɓoye inda ya dosa ba. Tarihin da ya sa a farkon littafin ma na katun ɗin Amurka ne. Ma'auninsa shi ne abin da aka nuna wa Amurkawa a silima da talabijin. Abin da ya shiga kasuwarsu ya shiga littafin, abin da bai shiga ba kamar ba a yi shi ba. Voltron kuwa, 1984 shekarar da Amurkawa suka fara ganinsa ce. Zakunan nan biyar da yaranmu suka kalla a NTA aikin kamfanin Toei ne na Japan, sunansa GoLion, ya fito a 1981. Wani kamfanin Amurka ne ya saye shi, ya yanke wuraren da aka zubar da jini, ya sauya sunaye da muryoyi. Shekarar da kika ɗauko daidai ce, ma'anar da kika ba ta ce ba daidai ba.

Ki nemi Giannalberto Bendazzi. Littafinsa Cartoons ya fito da Turanci a 1994, sannan Animation: A World History mai mujalladi uku a 2016. Shi ƙasa-ƙasa ya bi, har da Afirka. Ki sake babin daga tushe.

Abban Yara:
Baba da girmanka, kada a karya mata gwiwa. Yarinya ta sa kuɗinta. Ni a ganina ta rage taken kawai, ta mai da shi katun ɗin Amurka da aka kalla a Najeriya, shi ke nan littafin ya wadatar. A wannan fanni ai ba shi da laifi. Dubi Tom and Jerry da ta ambata. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 daga 1940 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci lambar Oscar. Sai Gene Deitch ya yi 13 a ƙasar Chekoslobakiya a 1961 da 1962, sai Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. Mu da muke kallo a haɗe a faifai ɗaya, mun sha lura wasu zanen da sautinsu daban ne ba mu san dalili ba. Jerin shekara-shekara irin na wannan littafi ne ke warware maka wannan.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
Malam, ba a sauya take a zangon ƙarshe, sai an koma gaban kwamiti. Kuma ko ta rage shi, bugun 1999 ne a hannunta. Ben 10 a ƙarshen 2005 ya fito. Duk abin da ƙannenta suka kalla ba ya ciki. Littafi ba ya girma bayan ya bar maɗaba'a.

Gimbiyar Gida:
Ni dai wannan ya tuna min da nawa. Sau huɗu mai duba aikina ya sa na sake babi na ɗaya, a karo na biyar ya ce ya ɓatar da takardun, ga ciki wata takwas ina hawa bene. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Wasu malaman ba gyara suke so ba, so suke ka yi ta sintiri. Ƙanwata ki yi ta addu'a kawai, ki rubuta abin da yake so ko da ba ki yarda ba, ki karɓi takardarki.

Maman 'Yan Biyu:
Haba, wannan malamin ai gyara na gaskiya ya yi mata. Ni abin da ya fi damuna ma, littafin yana faɗin wane katun ne ya dace da yara? Nawa yanzu sun koyi murguɗa baki daga wani da suke kallo a waya, na rasa yadda zan yi. Da za a samu irinsa da Hausa iyaye su duba kafin su kunna wa yara, da an taimake mu.

Mai neman shawara:
Anti, yana ba da labarin kowanne a taƙaice ne kawai, ba ya yanke hukuncin tarbiyya. Baba, na koma na karanta, gaskiya "a duniya" ɗin ni na ƙara. Amma fisabilillahi ina zan samu Bendazzi? Mujalladi uku fa ka ce. Wannan guda ɗayan ma adashi na kwashe. Ba ƙin karatu na yi ba, abin da hannuna ya kai na ɗauka. Kuma batun Afirka, na bi fihirisar baya suna bayan suna ban ga namu ba, sai na ɗauka ba mu fara ba sai kwanan nan. Na san Bino and Fino na Adamu Waziri da aka fara a Abuja wajen 2010, na ma sa shi a babi na huɗu.

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum, daga Tawa nike gaishe ku. Ɗiyata, wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Mun fara tun da daɗewa. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi 1942, ya rasu 2015 a Wagadugu. Makanike ne da farko, ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, daga baya ya tai Kanada ya koyi aiki wajen gwanin katun Norman McLaren. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tai ziyara wata ƙasa ana ta yi mishi fareti. Shekara shida kenan da samun 'yancin kai, kowa ya gane su wa yake nufi. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Nan Tawa ya zauna shekaru da dama. Abin da ke ci mini rai, yaranmu na lakwal sun san Mickey, ba su san shi ba. In kika rubuta tarihin katun ba sunanshi, ni ban yafe ba.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
Madalla da ɗan uwa. Ƙara mata da Masar, inda 'yan uwan nan Frenkel suka fito da katun ɗin Mish Mish Effendi tun shekarun 1930. Ga amsar "ina Afirka" nan a hannunki. Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu.

Bahaushen Sudan:
Ni a Sudan na taso, kuma abin da muka kalla daban ne. Kaftin Majid, Girandaiza, Adnan wa Lina, duk da Larabci. Sai da na girma na san na Japan ne: Majid shi ne Captain Tsubasa na 1983, Adnan wa Lina kuwa Hayao Miyazaki ne ya yi shi a 1978. Na san a arewa ma gidaje da yawa ta tashoshin Larabawa suka kalli katun bayan zuwan dish. Kundin Amurka ba zai gaya miki wannan hanya ba. Akwai The Anime Encyclopedia na Jonathan Clements da Helen McCarthy, ya fara fitowa 2001. Amma ni shawarata ma ki bar littattafai, ki je ki zauna da tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin na jiharku, ki tambaye su me suke sakawa da ƙarfe huɗu na yamma, daga ina kaset ɗin yake zuwa. Wannan ba ya cikin kowane kundi.

Matashi Mai Zane:
Aunty duk wannan wahalar ta mece ce? Komai yana intanet, Wikipedia da IMDb, kyauta, kuma ana sabunta su kullum.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
Yaro, babu malamin da zai karɓi wannan a matsayin madogara. Shafin da kowa ke iya sauyawa cikin dare? Ta duba can ta ga littattafan da suka ambata a ƙasa, ta bi su. Shi kansa Lenburg masana fannin sun sha kama shi da kurakuran shekara da suna, to ina ga wanda ba a san marubucinsa ba. Duk shekarar da za ki rubuta, ki same ta a wuri biyu.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baba na Tawa, wallahi ban taɓa jin sunansa ba, in sha Allahu zan sa shi. Amma ba zan iya rushe babin ba. Shafi ashirin da biyu ne, wata guda na yi ina rubuta shi da daddare bayan na gama aikin gida. Zan cire "a duniya", in gyara wajen Voltron, in ƙara sakin layi biyu a kan Afirka. Sauran ai shekarun daidai suke, shi kansa malamin bai taɓa su ba. Kuma har yanzu ina ganin littafin nan ya fi ƙarfin a kira shi ƙamus.

Tsohon Ma'aikacin Laburare:
Sakin layi biyu ba zai isa ba, 'yata. Kuma me za ki rubuta a matsayin madogararsu, tunda ba ki da littafin da suke ciki? Zai sake dawo miki da shi.

Abban Yara:
Ki kai masa haka nan, ki roƙe shi ya ara miki abin da yake da shi. Wanda ya san tambayar Afirka yana da littafin a gida.

Gimbiyar Gida:
Kada ki roƙe shi komai, daga nan raini ke farawa.

Maman 'Yan Biyu:
Har yanzu dai ba ki gaya mana ranar miƙa aikin ba.

Mai neman shawara:
Ranar Litinin ya ce in same shi a ofis. Akwai wanda yake da Bendazzi a nan, ko da shafukan Afirka ne kawai ya ɗauko min a waya?