Faifai biyu masu 8TB a tsohuwar uwar garke: ɗaya ya ƙi tashi, ɗaya ya nuna 2TB kawai

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata tsohuwar uwar garke irin mai tsayen nan, ƙirar wajen 2010, da nake ajiye fayilolin aiki a kanta. Linux ne a ciki. Tana da gurbin faifai shida a gaba, biyar a cike da faya-fayai masu 1TB da aka haɗa RAID 5 (tsarin da ke sa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya) tun kafin ta zo hannuna. Katin da ke riƙe da su, idan injin yana tashi, yana nuna LSI 1078. Daga sama akwai manyan gurabu biyu masu faɗin inci 5.25, ɗaya da abin karanta DVD, ɗaya babu komai.

Wuri ya ƙare min, sai na sayo faya-fayai biyu sababbi na SATA (irin mahaɗin faifai da aka saba gani a kwamfuta) masu 8TB. Na sa na farko a gurbi na shida. Ya tashi, amma katin ya ce 2TB ne. Na biyun ba shi da gurbi, sai na ɗora shi a ƙasan wancan babban gurbin da babu komai, na jona masa wayar wuta da ta yi saura, na kai wayar bayanai kan babban allo (motherboard). Shiru. Ko motsi bai yi ba, na kara kunnena a jikinsa ban ji yana juyawa ba. Na musanya su, sai wanda ya ƙi tashi ya tashi a gurbi na shida, wancan kuma ya yi shiru a sama. Ke nan duka biyun lafiyarsu ƙalau.

Abin da nake nema: yaya zan ga 8TB ɗin gaba ɗaya, kuma a ina ya kamata in kafa su? Ba na son in taɓa faya-fayai biyar ɗin nan, aikin shekaru ne a ciki.

MaiGyaranInji ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Musanyar da ka yi ta rage mana rabin aiki, domin ta nuna matsaloli biyu ne daban, kuma babu wadda ta fito daga faya-fayan.

Maganar 2TB, iyakar katin ke nan. Katunan wancan zamani suna ƙidaya sassan faifai da lamba mai bit 32, kowane sashe kuma bayit 512 ne. Idan ka yi lissafi, ƙidayar tana tsayawa a wajen 2.2TB, abin da ya wuce nan katin ba ya ganinsa. Ni dai ban taɓa ganin mai 1078 da sabunta manhajarsa ta ɗaga wannan iyaka ba. Kada ma ka yi gigin rubuta wani abu a faifan yana kan wannan kati, don ranar da ka mayar da shi inda ake ganin girmansa duka, za ka sake raba shi ne daga farko. Kuma ka sani, gurbi na shida allon baya (allon da faya-fayai ke jonuwa da shi a bayan gurabun) ɗaya yake da sauran biyar, wayarsa katin nan take zuwa. Muddin ka bar tsofaffin a inda suke, wannan gurbi ba na babban faifai ba ne.

Shi kuwa shirun da na sama ya yi, duba wayar wutar da ka jona. Ƙirga wayoyin: rawaya, baƙa, ja, baƙa, in akwai ta biyar mai ruwan lemo, to ita ce. Wannan tana kawo bolt 3.3. A sabon ƙa'idar SATA an canza aikin haƙori na uku na mahaɗin wuta, ya zama idan wuta ta shiga ta nan, faifan yana ɗauka an ce masa ya kashe kansa. An yi haka ne don a iya kashe faifai a kunna daga nesa a manyan ɗakunan ajiya. Tsohon akwatin wuta bai san da wannan ba, yana ta tura 3.3 a wurin, faifan kuma yana ta bin umarni. Magani: ka kwantar da faifan, ka nemi dogon layin haƙora mai 15, ka ƙirga daga gefen da ke kusa da mahaɗin bayanai, ka rufe na uku da siririn salatif mai jure zafi. In ya yi maka wuya ka rufe ukun farko tare, babu komai, faifai mai inci 3.5 ba ya amfani da 3.3, bolt 5 da 12 yake ci.

Shawarata ka sayi kati na biyu, irin wanda ba ya haɗa RAID, kamar LSI 9211-8i da aka sa a yanayin IT. Yana ganin manyan faya-fayai, yana miƙa su ga Linux yadda suke. Wayarsa SFF-8087 ce mai rabuwa huɗu. Sai dai a kula, iri biyu ce kuma kamarsu ɗaya: wadda ke tashi daga kati zuwa faya-fayai, da wadda ke tashi daga babban allo zuwa allon baya. Ta farko kake so. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin kati, ashe wayar ce ta juye.

Yar_Linux ta amsa:

Malam ya yi bayanin haƙori na uku daidai, amma a kan sayen kati ban bi shi ba. Faifai biyu ne fa, kuma na SATA. Ramukan da ke kan babban allo sun isa, ka tabbata dai an sa su a AHCI (yanayin aikin ramukan SATA) cikin BIOS, wato saitin da ake shiga idan injin yana tashi. Faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce 250MB a daƙiƙa, ramin SATA na ƙarni na biyu (SATA II) yana ɗaukar wajen 300, to me za a ƙara? Katin nan kuma zafi gare shi, an ƙera shi ne don akwatin da iska ke ratsawa da ƙarfi. Da a ce faya-fayan SAS (wani irin mahaɗi na manyan uwar garke) ka sayo, da dole ne, tunda ramin SATA ba ya karɓar SAS ko da katin SAS yana karɓar SATA.

Abin da ya fi damuna shi ne ka ce ka "ɗora shi a ƙasan gurbi". Don Allah ɗan'uwa kada ka bar shi haka ko na awa ɗaya yana aiki. Faifan nan yana juyawa sau 7200 a minti, allurarsa tana shawagi a tazarar da ido ba ya gani. Idan ba a ɗaure yake ba, girgizarsa da ta fankoki suna sa allurar ta riƙa kuskure layi tana komawa, gudu ya ragu, faifan ya gaji da wuri. Ga kuma allon lantarkinsa a ƙasa yana kallon ƙarfe tsirara.

Ka cire abin DVD ɗin, ka sami keji mai cin gurabu biyu ya ba ka wurin faifai uku, wanda ke da fanka a jikinsa. Fankar ita ce muhimmiya. A irin waɗannan injina an tsara iska ta bi ta gaban gurabu shida, ta ratsa ƙwaƙwalwa, ta fita baya. Saman nan lungu ne, ba a yi shi don abin da ke fitar da zafi dare da rana ba. Ka sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka bar tsakiya iska ta wuce. Wasu akwatunan suna da 'yan harsunan ƙarfe tsakanin gurabun biyu, in sun tare keji sai a lanƙwasa su, bayan ka cire komai daga wurin don kada ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa kan allo.

Sukurori ma ba kowanne ba. Na faifai mai inci 3.5 shi ne 6-32, gajere. Wanda za ka kwance daga abin DVD M3 ne, zarensa ya fi laushi, zai shiga kamar ya kama amma bai kama ba. Dogo kuma yana iya taɓa abin da ke ciki. Manyan faya-fayai da yawa ba su da ramin tsakiya a gefe, saboda haka ka gwada ramukan kejin kafin ka rufe.

Bayan sun fito: wajen raba su, tsarin GPT za ka yi musu, tsohon tsari na MBR shi ma yana tsayawa a 2TB. A fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faya-fayan da zai ɗora idan ya tashi, ka rubuta UUID (lambar shaidar da ba ta canzawa), kada ka rubuta sdf ko sdg, domin haruffan nan suna canzawa idan aka ƙara faifai. Ka sa nofail, don in ɗaya ya ƙi tashi wata rana injin kada ya maƙale a hanya.

MaiGyaranInji ya sake amsawa:

Na yarda da Malama a kan katin, in faifai biyu zai tsaya. Ni na hango ranar da zai cika gurbi na uku ya nemi na huɗu ne.

Abu ɗaya da ban faɗa ba: wuta. Faifai yana zaune watt 6 zuwa 9 yake ci, amma a daƙiƙun farko na tashi yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Mahaɗin SATA ɗaya an ƙera shi ya ɗauki amfiya 4.5 a kowane layi. To faifai biyu a kan mahaɗi ɗaya ta hanyar waya mai rabuwa, ya yi. Ka ƙara rabuwa a kan rabuwa, ka wuce gona da iri. In za ka sayi mai rabuwar, ko mai juya Molex (tsohon mahaɗin wuta mai haƙora huɗu) zuwa SATA, nemi wanda ake ganin wayoyin an matse su cikin haƙora da murfi a kai. Wanda aka narkar da roba aka lulluɓe kan gaba ɗaya, na ga guda da idona ya ƙone baƙi ƙirin, ya tafi da mahaɗin faifan da ke jikinsa. Mai juyawa daga Molex yana da amfani ɗaya: ba shi da wayar 3.3 sam, don haka ba ka buƙatar salatif.

Kuma kafin ka zare sukuru ko ɗaya, kwafe abin da ke kan RAID ɗin zuwa waje. In kana aiki ka motsa waya, katin ya tashi yana tambayarka a kan wani tsari da bai gane ba, kada ka zaɓi sharewa. Kashe injin, duba wayoyi, ka dawo nan.

Sabon_Shiga ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Wayar mai ruwan lemo tana nan kuwa. Na rufe haƙori na uku a kan duka biyun, suka tashi nan take. Na bi shawarar Malama, na sa keji mai fanka, na jona su a babban allo, umarnin lsblk mai jera faya-fayai ya nuna 7.3T kowanne, wato 8TB ɗin gaba ɗaya a irin ƙidayarsa. Harsunan ƙarfen nan sai da na lanƙwasa huɗu.

Na gwada ɗaya a keji kafin in jona fankar, smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna digiri 51 bayan awa biyu. Da fanka yana tsakanin 36 da 38 ko ana rubutu a kansa. Yanzu badblocks, gwajin neman lalatattun sassa, ke gudu a kan duka biyun da -b 4096, tunda babu komai a cikinsu tukuna da gwajin zai share, yau kwana na uku. A rahoton smartctl, lamba 5 da 197, masu ƙirga sassan da suka sami matsala, duk sifili. Amma lamba 199, mai ƙirga kurakuran da ake samu a hanyar wayar bayanai, a faifan ƙasa ta kai 14, na canza wayar SATA ɗinsa jiya da dare, tun daga lokacin ba ta ƙaru ba. Shin in bar gwajin ya ƙarasa, ko in sake shi daga farko tunda da tsohuwar wayar ya fara?