Abin da na tattaro kan nutsar da tarkon tara kifi a tafkunan Amurka

Jama'a ga dai abin da na kwaso daga hirar masu kamun kifi na yankin Tenesi kan wannan harkar ta nutsar da rassan itace ko bishiyar Kirsimeti a tafki don kifi ya taru a wurin.

Kusan kowa ya ce a fara neman izini tukuna. Tafkunan da ke hannun hukumar TVA, mai kula da madatsun ruwa (dam) na kogin Tenesi, wadda aka kafa 1933, sai ka samu famit a ƙarƙashin sashe na 26a na dokar TVA, tafkunan da ke hannun hukumar injiniyoyin sojan Amurka kuma ofishin tafkin za ka je, in ka jefa haka kawai to ka karya doka kuma ana iya cin tararka.

Inda aka ja daga shi ne itace ko bututun roba na PVC. Masu itace sun ce kifi ya fi saurin taruwa a kai, amma bishiyar Kirsimeti 'yan shekaru kaɗan ta ruɓe, masu PVC kuma suka ce nasu ba ya ruɓewa ƙugiya ma ba ta cika maƙalewa ba. Ni dai gaskiya na fi son itace, roba a ruwan jama'a ba ta kwanta min a rai ba.

A ɗaure da bulon siminti sosai, a kauce wa hanyar jiragen ruwa, a tuna ana rage ruwan dam da hunturu, abin da ke zurfi yau sai ya leƙo ya fasa wa wani jirgi. Kuma da ka nutsar ya zama na kowa, ba ka da ikon korar wanda ya zo kamu a kai.