Wanne zan fara karantawa cikin littattafan Svetlana Alexievich?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, kuma binciken da zan yi kan matan sansanin 'yan gudun hijira ne. Malaminmu ya ce kafin in ɗauki rikoda in nemi littattafan Svetlana Alexievich. Kuɗin guda ɗaya ne a hannuna. Wanne za ku ce in saya?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malaminku ya san abin da yake yi. An haife ta a 1948 a yammacin Ukraine, ta tashi a Belarus, iyayenta malaman makarantar ƙauye ne. Ta karanta aikin jarida a jami'ar Minsk, babban birnin Belarus, ta gama a 1972, ta fara aiki a ƙananan jaridun karkara. A 2015 ta samu kyautar Nobel ta adabi, alhali ba ƙagaggen labari take rubutawa ba. Mutane take bi gida-gida tana sauraro. Ni dai na ce ki fara da Chernobyl Prayer.

Anti Rabi: Malam, a yi min afuwa, amma tunda aikinta kan mata ne, The Unwomanly Face of War ya fi dacewa da ita. Hadiza, ƙanwata, mata kusan miliyan ɗaya ne suka shiga rundunar Tarayyar Soviet a yaƙin duniya na biyu: masu jinya, maharba, matuƙa jirgin sama, masu wanki da girki. Da aka gama yaƙi, tarihi ya koma na janar-janar da lambobin yabo. Da yawansu ma ɓoye zuwansu fagen fama suka yi, don ana musu kallon marasa kamun kai. Ita kuwa Alexievich sai ta riƙa zama da su a kicin, ana shan shayi tun safe har yamma, har su gaji da labarin da gwamnati ta koya musu su fara nasu. A nan ne mace za ta gaya mata yadda aka yanke mata gashi ranar da aka ɗauke ta soja, ko yadda ta yi tafiya cikin takalmin maza da ya fi ƙafarta. Wallahi na karanta shi ina ajiyewa ina share hawaye. Masu tace littattafai sun riƙe shi, sai a 1985 ya fito.

Hadiza: Anti, na gode. To ita ba ta sa bakinta a ciki?

Anti Rabi: Kaɗan ne. Takan ce ga yadda na isa gidan, ga yadda mijin ya so ya amsa a madadin matarsa, sai ta ja gefe. Wannan ki riƙe shi da kyau, don a sansani ma za ki tarar da masu son yi wa matan magana.

Malam Bashir: Na sallama. Amma in Allah ya hore miki, kada ki bar na Chernobyl. Tashar nukiliyar Chernobyl da ke Ukraine ta fashe ne ranar 26 ga Afrilu 1986, littafin kuma ya fito a 1997. Ya buɗe da muryar matar wani ɗan kwana-kwana da ta bi mijinta asibiti a Mosko, ana hana ta taɓa shi, ita kuma ta ƙi barinsa har ya cika.

Yaya Nura: Ina da magana ɗaya da bai kamata a tsallake ba. Littafinta kan yaƙin Afganistan, Zinky Boys, ya jawo mata shari'a. Sojojin Soviet kusan 15,000 suka mutu tsakanin 1979 da 1989, ana kawo gawarwakinsu cikin akwatunan kwano a liƙe, uwa ba ta ko ganin fuskar ɗanta. A farkon shekarun 1990 wasu daga cikin waɗanda ta yi hira da su suka kai ta kotu a Minsk, suka ce ta juya maganarsu. Akwai hannun siyasa a ciki, amma gaskiya ne kuma tana gyara kalaman mutane, har wasu sukan sauya daga bugu zuwa bugu. Ke ɗaliba ce, ki adana kowace murya da kika naɗa, ki karanta wa mace abin da kika rubuta kafin ki miƙa.

Maman Ilham: Kuma ki tambaye su ko suna so a sa sunansu. Ita ma tana sakaya na wasu. Tana nan a raye kuwa?

Yaya Nura: Ta bar Belarus a 2000, ta koma a 2011. Bayan zaɓen 2020 ta shiga majalisar 'yan adawa da shugaban Belarus Lukashenko, aka yi ta kama abokan aikinta, sai ta tafi Jamus a watan Satumba na shekarar.

Hadiza: Allah ya saka muku da alheri. Zan sayi na matan. Anti, fassarar Turancin tana da wuya?

Anti Rabi: Ko kaɗan, maganar baka ce. Nemi bugun 2017, shi ne ya dawo da wuraren da aka cire. Kada ma ki saya, nawa yana nan. Ki biyo ta gida ranar Asabar bayan la'asar ki karɓa.